Kokon Jariri: Cokali Ne Alƙali

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

  Ina gaishe da mutanen Nyohini inda muke zaune a nan Tamale, da na Zongo, da Aboabo, da Sabonjida, da Lamashegu, har Nyankpala da Savelugu in muryarmu tana kaiwa can. Shirinku ne na lafiyar uwa da ɗa, kuma yau zancen koko za mu yi.

Duk mai goyo ta matso kusa da rediyo, in da hali ta riƙo cokali a hannu, za mu yi aiki da shi. Iyayenmu kakannin yara, ku zauna, da ku za a yi. Maigida kuma kada ya ce hirar mata ce ya ɗauki buta ya fice, rabonsa yana nan gaba.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Lokacin da nake goyon ɗiyata ta fari, na kai ta awo wata biyu a jere, sikeli bai motsa ba. Layin nan da ake ja a littafin awo, wanda ya kamata ya riƙa hawa kamar mai hawan tudu, sai ya kwanta. Malamar asibiti ta ce, "Me kike ba ta?" Na amsa da ƙarfin gwiwa, "Koko, sau huɗu a rana, kuma tana shanyewa tas." Ta ce in nuna mata. Na zaro fida daga jaka. Ta kwance kan, ta tsiyaya kokon a cokali, ta karkata shi kaɗan. Tsulul, ya zube kamar ruwan wanke ƙwarya. Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ai ruwa kike ba ta mai launin gero."

Na ji kunya ranar, har na ɗan ji haushi. Amma gaskiya ta faɗa.

Ku dubi ledar fiya wata da muke saya kullum. Rabin lita ce a cikinta. To cikin jariri ɗan wata shida zuwa takwas, iyakar abin da zai ɗauka a zama ɗaya da ƙyar ya kai rabin wannan leda. Ɗan wuri ne ƙwarai. Idan kin cika shi da tsararon koko, yaro zai yi gyatsa, ya yi barci, ki ce ya ƙoshi. Cikin ya cika kam, jikin ne bai sami komai ba. Kuma ya toshe gurbin da nono zai shiga, alhali nonon ya fi wancan kokon amfani nesa ba kusa ba. Hasara biyu ke nan a kofi ɗaya.

Wannan magana ta daɗe a ƙasar nan. A shekarun 1930 akwai wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, da ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Akra, tun ana kiran ƙasar Gwalkwas. Ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa. Ta bi sawu ta tarar abincinsu kunun masara ne, safe da yamma, ba wani abu a kai. Ta rubuta bayanin ciwon a 1933, a 1935 kuma ta sa masa sunan da ta ji mutanen Ga suna kiransa, kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro idan ƙaninsa ya ture shi daga nono. Mu Hausawa mun san shi a jikin ɗan gwanne, mun kuma san tamowa. Yau likitocin duniya duka da kalmar Ga suke kiran ciwon. Abin da nake so ku riƙe daga labarin shi ne, waɗancan yara ba da yunwa suke kwana ba. Ana ba su abinci. Abincin ne iri ɗaya, kuma ruwa ya fi yawa a ciki.

Shekara casa'in ke nan, amma har yanzu ba mu rabu da Bukar ba. Babban binciken lafiyar iyali da aka yi a Gana a 2022 ya nuna cewa cikin yara ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar, kimanin 18 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Arewa, tamu, adadin ya kai 30. Kusan rabin yaran ƙasar kuma suna da ƙarancin jini, mu nan arewa abin ya fi haka. Mu da muke noma gyaɗar, da waken suya, da gero, muke kiwon zabin da ake lodawa zuwa Kumasi da Akra! Yawancin tsumburewar nan tsakanin wata shida da shekara biyu take faruwa, daidai lokacin da koko ke shiga bakin yaro. Abin da ya kuɓuce a wannan tsakani da wuya a kamo shi daga baya, a tsayi ko a kaifin ƙwaƙwalwa.

[Ɗan gajeren kiɗa]

To yaushe za a fara? Idan wata shida ya cika. Kafin nan nono zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Na san abin da Hajiya kakar yaro take faɗa yanzu a tsakar gida: "A zafin Tamale na watan Maris, da manya ma ke neman inuwa, a hana jariri ruwa?" Hajiya, Allah ya ƙara girma, da tsohuwar zuma ake magani, ba mu raina saninku ba. Amma nonon uwa kusan kashi tara cikin goma ruwa ne, kuma ruwa ne da ba a ɗebo daga dam ba, bai kwana a jarka ba. Uwar za a ba ruwa ta sha ta ƙoshi, ita kuma ta yawaita ba shi mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wata shidan nan tun 2001, Hukumar Lafiya ta Gana ma a kai take.

Tun da na ambaci zuma, bari in faɗa kafin in manta: ba a ba yaro zuma sai ya shekara. Takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kashewa, na jariri ba ya iyawa, ta sa jikinsa ya saki har numfashi ya gagara. A karin magana kawai za mu bar ta tukuna.

Jinkiri ma illa ne. Akan haifi jariri da guzurin sinadarin ƙarfe a jikinsa, wanda da shi ake yin jini, guzurin nan kuwa wajen wata shida yake ƙarewa, nono kuma ba ya iya cike gurbin. Yaron da aka bari sai wata tara ko goma ana cewa "ai bai nema ba", jininsa ne ke raguwa a ɓoye. Za ki ga alamar ya isa: wuyansa ya tsaya, yana zama in an tallafe shi, yana bin lomarki da ido, yana kai hannu kwano.

Fara abinci kuma ba yaye ba ne. Daga wata shida zuwa shekara, nono ne ke ba shi rabin ƙarfin da yake bukata ko fiye, a shekara ta biyu wajen sulusi. Malamanmu sun sha karanta mana aya ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka ambaci shekara biyu cikakku. A nan likita da malam bakinsu ɗaya.

Yanzu ɗauko cokalin nan. Ki ɗebi kokon da kika dama wa yaro, ki karkata. Idan ya zube nan take, bai yi ba. Idan ya tsaya, ya yi nauyi, sai a hankali yake gangarowa, to ya yi. Abin da zai bi ta hancin fida ba abinci ba ne, don haka fida ta koma cikin akwati. Ƙaramin kwano da cokali, shi ke nan. Ga shi kuma wanke fida har ta fita sai an tafasa ta, mu kuwa mun san yadda famfo ke yi mana a garin nan.

Kokon bakin titi, wanda muke sha da ƙosai da safe, har Akra ana kiransa kokon Hausa, abin alfaharinmu ne, ban ce a daina ba. Amma na manya ne. An tace shi ya yi tsararo, an zuba barkono da citta da kanumfari, ga sukari. Na jariri, ki karɓi gasara tun ba a sa yaji ba, ko ki jiƙa naki, ki dama da kauri. Tsamin nan na ƙullu kuwa alheri ne. Masu bincike a ƙasar nan sun gwada sun ga ƙwayoyin cutar zawo ba sa yaɗuwa da sauri a kunun da ya yi tsami kamar yadda suke yi a wanda bai yi ba. Kakanninmu ba su da madubin likita, amma sun dace.

Wata za ta ce, "Nawa in ya yi kauri ba ya iya haɗiyewa." Akwai dabara. Ki jiƙa gero ko dawa, ki baza a buhu mai laima kwana biyu ko uku har ya yi tsiro, ki busar da shi sarai a rana, ki niƙa. Idan kin dama koko mai kauri, ya ɗan huce, ki barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiron ki juya. Kina kallo zai saki, ya yi ruwa-ruwa, alhali ko ɗigon ruwa ba ki ƙara ba. Sai ki mayar wuta ya sake tafasa. Abincin yana nan yadda yake, kaurin ne kawai ya karye.

Kauri rabin aiki ne. Saura abin da za a sa a ciki.

A 1987 Ma'aikatar Lafiya ta Gana da UNICEF suka fito da haɗin da ake kira Weanimix, ɗan'uwan Tom Brown da kowa ya sani. Ba wani sirri a ciki: kwano huɗu na masara, kwano ɗaya na gyaɗa da wake a haɗe, ko waken suya. A soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, a cire ɓawo, a kai inji. Gero ko dawa ma suna yi a madadin masara. Farfesa Anna Lartey ta Jami'ar Gana da abokan aikinta sun gwada irin wannan abinci a kan jarirai a Techiman, sakamakon ya fito a 1999. Cikin abin da suka gwada har da koko da aka zuba wa garin kifi, kuma yaran da suka ci waɗannan abinci sun fi sauran yaran garin girma. Ku lura, kokon nan dai namu ne, kifi kawai aka ƙara.

Wane kifi? Amani. 'Yan ƙananan busassun kifin nan da ake aunawa a kasuwar Aboabo, waɗanda muke jefawa a miya don ɗanɗano. Ki tsince yashi, ki ɗan gasa a kasko, ki daka da kai da ƙaya duka har ya zama gari, ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai murfi. Cokali ɗaya a kwanon yaro. A ganina duk kasuwar babu abin da ya kai shi amfani a kan kuɗinsa: ƙayar tana gina ƙashi, naman yana gina jiki da jini. Gwangwanin garin jarirai na kanti mai hoton ƙaton yaro, kuɗin ɗaya zai sayi amani mai yawa. Wadda take da hali ta saya, ban hana ba, amma kada wadda ba ta da shi ta ɗauka an bar ɗanta a baya.

Gargaɗi ɗaya game da gyaɗa da masara. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta yanƙwane, ko take ɗaci, a zubar, kada a ce a bar wa na yara. Fumfunar nan tana da dafi mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Gyaɗar yaro a niƙe ake ba shi, ko tunkuza, ko garin ƙuliƙuli marar yaji. Ƙwaya guda sukutum tana iya shaƙe shi.

Sai ƙwai. In damina ta sauka, zabi suka fara zuba, ƙwan zabo yakan yi araha a bakin hanya. Amma a gidaje da yawa, na Hausawa da na Dagwamba, ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Ni dai na yi ta tunanin asalin maganar nan. Ina jin dabara ce ta masu kiwo, don kada yara su riƙa wawashe akurki a rasa na ƙyanƙyasa, kuma a zamaninta ta yi aiki. Amma ɗan wata bakwai da ko rarrafe bai iya ba, akurkin wa zai shiga? A dafa ƙwai ya dahu sosai, a murƙushe shi cikin koko ko tuwo. Ko ba kullum ba, duk ranar da aka samu. Hanta ma haka, ta kaza ko ta zabo, 'yar kaɗan sau ɗaya a mako, babu abin da ya fi ta ƙara jini.

Ma'aikatan lafiyarmu suna koyar da abinci mai tauraro huɗu, wataƙila kun gani a bangon wurin awo. Hatsi ko doya tauraro ɗaya, wake da gyaɗa ɗaya, ganye da 'ya'yan itace ɗaya, abin da ya fito daga dabba ɗaya. Idan kika duba tukunyarki ta daren yau, tuwo da miyar ayoyo da daddawa da amani, ai taurarin sun kusa cika. Matsalar ita ce yadda muke ba yaro: a gutsuro tuwo, a dangwala a romon sama, a sa masa a baki, ganyen da kifin su tafi kwanon manya. Ki ɗebi nasa tun kafin ki zuba barkono da dunƙulen magi da gishiri mai yawa, ki dame tuwon da ganyen da kifin su zama ɗaya, ki ɗiga man kaɗe ko man ja. Alayyahu, rama, zogale, kuka, duk suna yi. Kabewa, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne, da dankalin nan mai jan ciki irin Apomuden, su ne masu bitamin A. Ɗanɗanon bakinki ba nasa ba ne, abin da kika ji salam shi daidai ne a wurinsa. Shayi kuwa a bar wa masu shayi, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Maigida, ga rabon naka. A yawancin gidajenmu kai kake fitar da hatsi, kuɗin cefane kuma abin da ya samu. Ka san tsokar da ake ajiye maka a saman tuwo? Ɗanka na goye ya fi ka bukatarta, kai ka gama tsayi. Ba ka da asara in ka biya ta kasuwa da yamma ka riƙo ƙwan zabo biyu, ko amani na 'yan sidi kaɗan, ka ce wannan na yaro ne. Idan kai ka faɗa, ba mai musawa a gidan, har Hajiya. Kuma ranar awo ka karɓi littafin ka duba layin da idonka.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Nawa za a ba shi? Ranar farko babban cokali biyu ko uku, sau biyu a rana, ya isa. Koyo yake yi. Zai turo da harshe, ya ɓata fuska, ya shafa a kunne. Zuwa wata takwas, sau biyu ko uku a rana, ana ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata tara, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ayaba ko dafaffen dankali da zai riƙe da hannunsa, abincin kuma ya fara zama da gudaji-gudaji don ya koyi tauna. In ya shekara, abincin gida ne, a yayyanka masa, amma a kwanonsa shi kaɗai. Idan kika haɗa shi da yayyensa a kwano ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun sheƙe.

Ɗura kuma, don Allah a bari. Na san da ita aka rene mu: a kwantar da yaro a cinya, a tara hannu a bakinsa, a toshe hanci, ya haɗiya dole. Koko yakan bi hanyar iska ya sauka a huhu, daga nan sai ciwon haƙarƙari, wani yaron ma a nan take ake rasa shi. Wanda ya tsira kuma ya tsani cokali. Ki zaunar da shi yana fuskantarki, ki yi masa wasa, ki jira ya buɗe baki. Ya ƙi yau, ki sake gobe. Wani abincin sai an kawo shi sau takwas ko goma kafin yaro ya karɓa, ba ƙiyayya ba ce, baƙunta ce.

Daidai lokacin fara abinci ne zawo ke shigowa, mu kuma mu ce haƙori ne. Haƙori ba ya kawo zawo, hannu da kwano da ƙuda ne ke kawo shi, sun dai haɗu da haƙorin a hanya. Sabulu kafin dama koko, sabulu bayan wanke wa yaro kashi, hannunsa shi ma a wanke. Kokon da aka dama da safe ya wuce awa biyu a ajiye, sai an sake tafasa shi. Masu zuwa kasuwa da goyo, ku riƙa tafiya da garin a busasshe da tafasasshen ruwa a fulas, a dama sabo a can. Ruwan sha, yanzu da ya kai wata shida, a ba shi tafasasshe a kofi. In zawon ya zo, kada a tsayar da nono ko abinci. Ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa sha huɗu, ana samunsu a asibiti. In ya kasa shan mama, ko yana amayar da komai, ko idonsa ya faɗa, ko da jini a kashin, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, ya biya bashin da ciwo ya ci.

Kada kuma a daina zuwa awo don an gama allurar wata tara, kamar yadda da yawanmu muke yi. A can ake ɗiga wa yaro bitamin A, shuɗin ƙwanso daga wata shida, ja daga shekara ɗaya, duk bayan wata shida har ya kai shekara biyar. Nan arewa, a Navrongo, aka yi babban gwajin da aka buga a 1993, wanda ya nuna ɗigon nan ya rage mutuwar yara da kashi 19 cikin ɗari. Ranar da za ki je, ki tafi da ɗan kokon da kike damawa a kwano mai murfi, ki nuna wa malamar, ku karkata cokalin tare. Tawa ɗiyar, wata guda bayan na jefar da fida na fara zuba amani da tunkuza, layin ya ɗaga kai.

Lokaci ya cimmana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki zancen yaye, da al'adar kai yaro gidan kaka rana ɗaya, da shafa ɗaci a mama. Mai tambaya ta aiko ofishinmu. A gaida yara, sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]